Hayaƙin Murhu da Shaidar da Yake Bari a Jikin Uwa da Jariri

Ya ku jama'a masu sauraro, musamman 'yan'uwanmu na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da waɗanda ke jinmu daga Sheme da 'Yankara da Daudawa da sauran garuruwan da ke kewaye da su. Bahasinmu na yau a kan hayaƙi yake, kuma ina roƙon magidanta kada su ce wannan zancen mata ne su miƙe, domin kafin mu ƙare za su ga cewa rabonsu a cikin mas'alar ya fi na kowa nauyi.

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a ɗakin girki ya dubi azara ko jinka ko kwanon rufi, ya ga yadda kunkunniya ta yi musu baƙi ƙirin, ya kuma tuna cewa matar da ke durƙushe gaban murhun nan safe da yamma, shekara da shekaru, iskar ɗakin take shaƙa, to, ba ya bukatar likita ya gaya masa cewa abin da ya maƙale a rufi ya bi ta hancinta ma. Wannan sananne ne tun kaka da kakanni. Abin da magabata ba su da hanyar saninsa shi ne inda hayaƙin yake zuwa bayan ya shiga ƙirji, da ko yana isa ga ɗan tayin da ke kwance a mahaifa, wanda bai taɓa buɗe baki ya ja numfashi ba. Likitocin zamani sun daɗe suna zaton yana isa, amma zato dabam yake da yaƙini, kuma alƙali ba ya yanke hukunci sai da shaida. Saboda haka suka shiga neman shaida a cikin jini da fitsari da cibiya da mabiyiya, watau alamomin da gurɓatacciyar iska take bari a jiki, waɗanda za a iya aunawa a ce ga adadinsu, ko da mai jikin ba ta ji ciwon komai ba.

Hayaƙin itace tarkace ne na abubuwa masu yawa, amma biyu daga cikinsu su ne suka fi shafar mai juna biyu. Na farko wata iska ce da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana fitowa daga duk wutar da ba ta sami isasshiyar iska ta ci sosai ba, kuma garwashin gawayi, wanda mutane ke ganin mai tsabta ne domin ba ya tuƙuƙi, yana cikin masu fitar da ita da yawa. Allah cikin hikimarsa ya sanya wani jan sinadari a cikin jini mai suna himogulobin, aikinsa ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ga gaɓoɓi. Sai dai wannan sinadari ya fi kama kabon monoksaid da ƙarfi, fiye da sau 200 a kan yadda yake kama oksijin, ta yadda in ta hau ba ta sauka da wuri, kuma gurbin da ta tare ba zai ɗauki oksijin ba. Mai auna jini yana iya faɗin kashi nawa na himogulobin ɗin mace wannan iska ta kame, kuma wannan ita ce shaida ta farko. Abin tsoro a nan shi ne jinin ɗan tayi ya fi na uwarsa riƙe ta, yana kuma daɗewa bai sake ta ba, saboda haka mace tana iya fita tsakar gida ta sha iska, ciwon kanta da jirinta su wuce, ta ce ai laulayi ne, alhali wanda ke cikinta bai gama fita daga ƙuncin ba tukuna.

Na biyu kuwa ƙwayoyin ƙura ne ƙanana ƙwarai, waɗanda kaurin gashin kai ɗaya ya ninka mafi girmansu wajen sau 30. Manyan ƙwayoyi hanci da maƙogwaro suna tare su, a yi atishawa ko kaki a fitar. Waɗannan ƙananan kuwa suna zarcewa har ƙarshen huhu, mafiya ƙanƙanta daga cikinsu su ƙetara su shiga jini. An daɗe ana ɗaukar cewa mabiyiya shamaki ce da irin wannan ƙazanta ba ta tsallakewa. A shekarar 2019 masu bincike na Jami'ar Hasselt a ƙasar Beljiyam, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Tim Nawrot, suka haska wani irin haske mai ƙarfi a kan mabiyiyoyin mata 28, sai ga ƙwayoyin baƙin hayaƙi a ɓangaren mabiyiya da ke fuskantar jariri, kuma na matan da ke zaune inda iska ta fi ɓaci sun ninka na sauran har da ɗoriya. A 2022, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Abadin a Sukotlan, suka same su a cikin hanta da huhu da ƙwaƙwalwar 'yan tayi tun a watannin farko na ciki. Ku lura fa, waɗannan mata ne na Turai, waɗanda hayaƙin motoci da masana'antu suke shaƙa daga nesa. Ina ga wadda take hura ɗanyen itace da bakinta, fuskarta ba ta fi kamu ɗaya daga wutar ba?

Akwai wata shaida kuma da ta fi waɗannan ɓoyuwa. A cikin ƙwayoyin halitta na jikin ɗan Adam akwai zaren gado, wanda ke ɗauke da siffofin da ya gada daga iyayensa, kuma a bakin kowane zare akwai wani ƙulli da ake kira telomiya, kamar dai ƙullin da mai tufkar igiya yake yi a ƙarshenta don kada ta warware. Wannan ƙulli yana gajarcewa da tafiyar shekaru, shi ya sa masana ke ƙiyasta tsufan jiki da tsawonsa. Mutanen Hasselt ɗin nan sun auna shi a jinin cibiyar jarirai 641, suka bayyana a 2017 cewa duk ƙarin ma'auni 5 na ƙananan ƙwayoyin ƙura a iskar da uwa ta shaƙa lokacin ciki yana tare da raguwar tsawonsa da kusan kashi 9 cikin 100. Ba a ce wannan yana yanke wa yaro kwana ba, ajali yana hannun Mai shi. Abin da aka ce shi ne jaririn yana fara rayuwa da guzurin da aka riga aka taɓa.

Sauran shaidun ba sai mun tsawaita a kansu ba. Fitsari yana nuna ragowar gubar da ke cikin kunkunniya bayan hanta ta sarrafa ta, yana kuma nuna ko mace tana shaƙar hayaƙin tabar mijinta ko da ita ba ta taɓa sa kara a baki ba. A garin Tongliang na ƙasar Sin an rufe wata tashar lantarki mai ƙona kwal a 2004, da aka kwatanta jinin cibiyar jariran 2002 da na 2005 sai aka ga gubar da ke manne da zaren gadonsu ta ragu, kawunansu kuma sun fi girma. Fa'idar wannan labari ita ce alamar tana sauka in an kawar da sababinta.

To, kada wani ya ce duk wannan labarin nesa ne. Mutanen Faskari iyaka ɗaya suke da Zamfara, kuma babu dattijon da ya manta abin da ya auku a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010, lokacin da aka riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, ƙurar dalma ta bi tsakar gida da tabarmi da ƙwarya, yara suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa, aka yi ta ba su maganin zazzaɓi a banza, har aka rasa fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Ba a gane sababin ba sai da likitocin Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka suka sa aka auna jinin yaran, aka tarar dalmar da ke jikin da yawansu ta wuce iyakar abin da na'urar take iya karantawa. Ɗigon jini ne ya warware abin da ido da zato suka kasa. Dalma kuwa tana ƙetare mabiyiya, tana kuma ɓuya a ƙashin mace shekaru, ta fito lokacin da ciki ya ja sinadarin ƙashi don gina jariri. Farar ƙasar da ake haƙowa ana niƙawa a Ƙanƙara ba dalma ba ce, kada a fahimce ni a karkace; amma ƙurar niƙan dutse kowace iri ce ba abincin huhu ba ce, kuma bai kamata mai ciki ko mai goyo ta zauna inda take tashi ba, haka tufafin mai aikin bai kamata a kakkaɓe su a ɗakin da jariri ke kwance ba.

Game da hayaƙin girki kansa, gwajin da ya fi kusa da mu a Ibadan aka yi shi, tsakanin 2013 da 2015, inda Farfesa Christopher Olopade da abokan aikinsa suka ɗauki mata masu ciki 324 waɗanda ke girki da itace ko kananzir, aka raba su biyu da ƙuri'a, aka ba kashi ɗaya murhu mai amfani da man itanol wanda ba ya hayaƙi, ɗaya kashin suka ci gaba da abin da suka saba. Da ciki ya tsufa sai aka ga hawan jini ya kama wajen 6 cikin 100 na masu tsohon murhu, alhali a masu sabon bai kai 2 cikin 100 ba, kuma a matsakaici cikin masu sabon murhu ya ƙara kimanin mako 1 kafin haihuwa. Wanda ya taɓa ganin mace tana jijjiga wajen haihuwa ya san hawan jini a ciki ba ƙaramin abu ba ne, wanda kuma ya taɓa renon bakwaini ya san darajar kowane mako da jariri ya ƙara a mahaifa.

Amma adalci ya wajabta in faɗa muku inda aka sami saɓani, domin mai faɗakarwa da ke ɓoye rabin hujja ba ya da bambanci da mai tallan magani a kasuwa. An yi wani babban gwaji a ƙasashen Ruwanda da Indiya da Feru da Gwatamala da mata 3,200, aka ba rabinsu murhun gas da gas ɗin kyauta har suka haihu, hayaƙin da suke shaƙa ya ragu da wajen kashi 2 cikin 3, amma da aka bayyana natija a 2022 sai nauyin jariransu ya ɗara na sauran da kimanin giram 20 kacal, bambancin da masana ba su ɗauke shi abin kafa hujja ba. An yi irinsa a Kintampo ta ƙasar Gana, shi ma bai nuna ƙarin nauyi a fili ba. Wasu suka ce an kawo murhun ne bayan ciki ya yi wata 3 ko 4, lokacin da mabiyiya ta riga ta kafu. Wasu suka ce hayaƙin maƙwabta da ƙurar gari sun ci gaba da shiga. Ni dai abin da na fahimta shi ne, cewa hayaƙi yana isa ga ɗan tayi ya tabbata, cewa kuma murhu kaɗai zai gyara komai bai tabbata ba, domin nauyin jariri yana rataye da abinci da yawan jini da zazzaɓin cizon sauro da shekarun uwa da tazarar haihuwa, hayaƙi ɗaya ne daga cikin masu ja. Duk da haka ƙiyasin da wata cibiyar bincike ta birnin Boston a Amurka ta fitar a 2020 ya danganta mutuwar jarirai kimanin 476,000 a duniya, cikin watansu na farko a shekarar 2019, ga gurɓatar iska, kusan 68,000 daga cikinsu a Nijeriya, kuma wajen kashi 2 cikin 3 na jimlar duniya daga hayaƙin cikin gida ne. Ƙiyasi ne, ba ƙidayar kaburbura ba, amma ko an rage rabinsa abin da ya saura ya isa tayar da hankali.

Yanzu mu dawo gida mu dubi halinmu. Idan hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewa maso gabas da Tafkin Chadi ta lulluɓe ƙasar Hausa, kuma wannan ba mu da iko a kansa. A daidai lokacin ne ake ƙona gonaki da daji da bola, a daidai lokacin ne kuma sanyi ke sa a toshe taga da tsumma, a shigar da kaskon wuta ɗaki, a rufe ƙofa. Ga kuma abin da rashin tsaro ya ƙara mana a shekarun nan: dajin da ake shiga a yo busasshen itace ya zama abin tsoro, iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu sun cunkushe a Ƙanƙara da Faskari da Funtuwa, gida ɗaya murhu huɗu ko biyar, gas da kananzir sun yi tsada tun 2023, sai aka koma ga kara da totuwar masara da ɗanyen reshe, a kuma tayar da wutar da leda ko guntun silifa. Hayaƙin leda da roba ya fi na itace sharri. Matan da ke suyar awara da ƙosai da ƙuli-ƙuli don su rufa wa gida asiri su ne suka fi kowa daɗewa a bakin wuta, sau da yawa da ciki a gaba ko goyo a baya, kuma ba mai hankalin da zai ce su bar sana'arsu.

Sai kuma jego. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka yi bayanin ciwon zuciyar da ke kama matan ƙasar Zazzau da kudancin Katsina bayan haihuwa, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da yawan shan kunun kanwa. Su zuciyar uwa suka duba. Mu kuwa mu dubi wanda ke kwance kusa da ita a wannan ɗaki kwana 40, wanda ke numfashi sau 40 zuwa 60 a minti ɗaya, ninki uku na babba, da huhun da bai gama ƙwari ba, ga garwashi, ga turaren wuta, ga maganin sauro mai hayaƙi da dare. Niyyar iyayenmu mata kyakkyawa ce, domin sanyi yana kashe jariri, balle ɗan ƙarami. Sai dai akwai ɗumin da ya fi na garwashi aminci, shi ne a kwantar da jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. A birnin Bogota na Kolombiya aka fara wannan a asibiti a 1978 saboda ƙarancin kwalaben renon bakwaini, yanzu kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana umurni da shi ga duk jaririn da ya zo da ƙarancin nauyi.

Na ce rabon magidanta ya fi nauyi, ga dalilina. Malamanmu na Malikiyya, a babin nafaƙa na Muhtasar na Shehu Halil da ake karantawa a zaurukanmu, da suka zo lissafa abin da ke wajaba a kan miji, sun ambaci itacen girki tare da ruwa da mai da gishiri, sun kuma ambaci ladan ungozoma. Ashe makamashin girki ba nauyin mace ba ne tun asali, kuma idan an wajabta abu don maslaha, ba ya kyautuwa a kawo shi ta fuskar da zai zama cuta, alhali kiyaye rai da kiyaye zuriya suna cikin manyan manufofin shari'a. Maigidan da ya kawo ɗanyen itace ya jibge a ƙofa ya tafi majalisa, ya bar mai cikin wata 7 tana hawaye a kan murhu, ya binciki kansa ko ya sauke abin da aka ɗora masa. Wanda Allah ya hore wa ya sayi tukunyar gas ko ingantaccen murhu mai cin itace kaɗan, ya yi tun kafin ciki ya shiga ko da zarar ya bayyana, kada ya jira sai an kusa suna. Wanda bai da hali kuwa akwai abin da ba ya cin kuɗi: ya faskara itace ya shanya ya bushe kafin a bukace shi, ya kafa rumfa a tsakar gida don girki ya fita daga ɗaki, in kuwa damina ta tilasta shiga ciki ya huda mafitar hayaƙi a sama kusa da rufi, domin hayaƙi sama yake nema. Janareta ya yi nesa da taga, mai shan taba ya sha a waje, gidan sauro ya maye gurbin maganin hayaƙi, garwashi kuma kada ya kwana a rufaffen ɗaki ko da sanyi ya kai inda ya kai. Ke kuma uwar gida, da ke kishiya, da ke suruka, ku karɓar wa mai ciki hura wuta, domin farkon kamawar wuta shi ne lokacin da hayaƙi ya fi yawa, ku kuma karɓi goyon kafin ta durƙusa.

Awon telomiya da neman baƙin hayaƙi a mabiyiya aikin manyan ɗakunan bincike ne, ba a yi wa kowace mace. Amma akwai alamomi uku da ƙaramin asibitin gunduma yake iya dubawa, balle babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, kuma su ne suka fi amfani ga mai ciki a yau: awon hawan jini a duk zuwa awon ciki, awon yawan jini, domin mai ƙarancin jini ita ce hayaƙi ya fi ƙuntata wa, sannan ɗora jariri a sikeli a ranar da aka haife shi, ko da a gida aka haihu. In bai kai kilo 2 da rabi ba, to yana bukatar kulawa ta musamman, kuma shi ne mafi cancantar a nesanta shi da kowane irin hayaƙi. Idan mai ciki tana yawan ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokacin girki, suna kuma sauƙi in ta fita waje, ta gaya wa ma'aikaciyar awo da irin makamashin da take amfani da shi. Idan jariri yana numfashi fiye da sau 60 a minti, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja iska, ko ya ƙi kama nono, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya turara shi, kada kuma a jira gari ya waye in akwai halin tafiya.